Ni ce "da sauransu"

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullan ɗakin gwaji. Ina kwashe kayana daga durowa sai na ci karo da wata tsohuwar leda mai zif, cikinta ƙwayoyin silikar nan masu shanye danshi da muke sakawa tare da takardun jini. Da can shuɗi ne, yanzu sun koma ruwan hoda. Na daɗe riƙe da ita kafin na jefa a kwandon shara. Shekara shida na yi a wannan sashe, kuma ƙannena da ke shigowa yanzu sun sha tambayata me zan bar musu. To, ga shi nan.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san aikin. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro duk wata a lokacin damina a yankin Sahel, tambayar da ke ran kowa ita ce: yaushe ƙwayar cutar za ta fara bijire wa maganin? Haɗin sulfadoxine da pyrimethamine ne, wanda mutanenmu suka fi sani da Fansidar, tare da amodiaquine. Alamomin bijirewar suna cikin ƙwayoyin halitta biyu na ƙwayar cutar, dhfr da dhps. Neman waɗannan alamomi shi ne digirina na uku.

A takarda abin da sauƙi. A soki yatsan yaro, a ɗiga jini a kan takardar tace, a shanya, a sa a leda. Amma je ki shanya takarda a watan Agusta, ruwa na zuba kwana uku a jere, ki gani ko fumfuna za ta bar miki. Na taɓa jera su a kan gadon ɗakin da aka sauke ni a wani ƙauye, na rufe da gidan sauro saboda ƙuda, ni kuma na kwana a tabarma. Sannan ga gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofa. Maza abokan aikina a zaure suke tsayawa. Ni nake shiga, ni nake zama a kan turmi ina yi wa uwar yaro bayani, ni ake tambaya, "Malama, ina za ku kai jinin 'ya'yanmu?" Ba tambayar banza ba ce. Duk wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau da gwajin maganin Trovan, ya san me ya sa uwa take riƙe hannun ɗanta idan ta ga mai farar riga. Damina uku ina amsa wannan tambaya da fuskata.

A hanyar dawowa daga ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan ne Farfesa ya juyo daga gaban mota ya ce, "'Yata, wannan aikinki ne. Idan maƙala ta fito sunanki ne a farko."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe."

Iyakar yarjejeniyar ke nan. Shaidarmu direba.

Ba mu da na'urar karanta jerin ƙwayoyin halitta, don haka aka haɗa gwiwa da wata cibiya a Turai. An sa hannu a takardar tura samfuri, shafi nawa, an faɗi wanda ya mallaki jinin da abin da za a yi da ragowarsa. Ko layi ɗaya babu a kan wanda zai rubuta maƙala da yadda za a jera sunaye. Na lura da hakan a lokacin, kuma wannan ne yake ci mini rai har yau. Na karanta takardar, na ga giɓin, na buɗe baki zan yi magana, sai na ji nauyi. Yaya ɗaliba za ta ce wa malaminta ya rubuta mata alƙawarinsa, kamar ba ta yarda da shi ba? Da hannuna na ɗaure kwalin. Da hannuna na tura fayil ɗin bayanan gaba ɗaya, shekarun yara, ƙauyuka, ranaku, sakamakon gwajin da na yi a nan ina addu'a kada man janareto ya ƙare.

Wata takwas shiru. Rannan da daddare imel ya shigo, da daftarin maƙala a haɗe, an ce a duba a ba da amsa kafin Litinin. Sunaye 14. Na farko wani matashi ne a can cibiyar, wanda ya yi nazarin jerin ƙwayoyin halittar. Na ƙarshe shugaban cibiyar, wurin da a fanninmu ake ajiye wa babban mai aikin. Farfesa kusa da shi. Ni ce ta tara. A gabana akwai shugaban sashenmu na lokacin, da wani aminin Farfesa da ban taɓa ganin ya riƙe bututun gwaji a ɗakinmu ba.

Washegari na same shi a ofis. Sai da na gaishe shi, na tambayi iyali, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, na ga jerin sunayen."

Bai ɗago daga kwamfuta ba. Ya ce, "Kuɗin nasu ne, na'urar tasu ce. Ke yarinya ce, naki na nan tafe. Kada ki ɓata mana dangantaka a kan suna."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban ce komai ba. Na amsa imel ɗin da cewa na amince, har da godiya.

Daga baya ne na zauna na karanta ƙa'idojin kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, waɗanda yawancin mujallunmu suke cewa suna bi. Sharuɗɗa huɗu ne kafin a kira mutum marubuci: ya taka rawa ta gaske wajen tsara bincike ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta ko ya yi bitar rubutun da idon basira, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya yarda a tuhume shi a kan aikin. Har sun ce duk wanda ya cika na farko a ba shi damar shiga rubutun. Ni kwana uku aka ba ni. Sun kuma faɗa ƙarara cewa samo kuɗi kaɗai ko shugabancin sashe ba sa mai da mutum marubuci. Amma batun wa zai zo farko, wannan sun bar wa marubutan su daidaita a tsakaninsu. Wato dai an bar shi a hannun mai ƙarfi.

Maƙalar ta karɓu. Ana ta ambatonta, kuma duk wanda ya ambace ta sunan matashin nan yake rubutawa, sai ya bi shi da guntuwar Latinancin nan, et al. Da sauransu. Mu 13 a cikin kalma biyu.

Wata ƙawata ta so ta rarrashe ni, ta ce ai lissafin Google Scholar, shafin da ke ƙirga ambaton maƙaloli, bai san na farko da na tara ba, duk ambaton da aka yi nawa ne ni ma. Gaskiya ta faɗa, kuma nan ne lalurar ma'aunin take. Wani masanin kimiyyar fiziks a Kalifoniya, Jorge Hirsch, shi ya fito da h-index a 2005: idan naki 10 ne, kina da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Lamba ɗaya tal, mai daɗin rubutawa a takardar neman aiki. Sai dai makauniya ce. Abin da ta ƙara mini, shi ta ƙara wa aminin Farfesa da bai san hanyar ƙauyukan ba. Kwamitin ƙarin girma kuwa idonsa biyu, amma ta inda bai amfane ni ba: a jami'armu marubucin farko ke kwashe kaso mai tsoka na maki, sauran su raba ragowa. Babin da ya fi ƙarfi a kundin digirina kuma ya riga ya zama tsohon labari kafin in kare shi.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai, ba zan ɗora wa kowa ba. Haushi ya sa na ɗauki ragowar bayanan da ba su shiga waccan ba, na rubuta tawa a mako biyu, na tura wa ɗaya daga cikin mujallun nan da ke cika mana akwatin imel suna kiran kowa "babban masani". Cikin kwana biyar suka karɓa, ba gyaran ko wasali ɗaya. Ya kamata wannan kaɗai ya farkar da ni. Na sayi dala na biya. Da lokacin tantancewa ya zo aka duba, ba ta cikin Scopus, ba ta cikin PubMed, manyan rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance, aka ja mata layi. Wani ma'aikacin laburare a Kolorado, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya sauke jerin a Janairun 2017, kuma kwafinsa na nan a intanet. Minti biyu zai ɗauke ni in duba. Bayanan da aka riga aka buga ba a sake kai su wata mujalla, don haka aikin damina guda ya tafi a banza.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Tun ran gini tun ran zane: kafin kwali ya fita, a zauna a rubuta wa zai yi me da inda sunansa zai faɗa, ko da imel ne mai layi uku da kowa ya amsa. Ki buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, da wuri, ki tsaya a kan rubutun suna ɗaya, don ni tsakanin sunan mahaifi da na miji sai da na zama mutum uku a rumbunan bayanai. Ki nemi rangwamen kuɗin bugawa kafin ki tura, ba bayan an karɓa ba. Ki koyi nazarin bayananki da kanki, ko da manhajar lissafi ta R ce a tsohuwar kwamfuta, domin wanda ya zana jadawali shi yake rubuta labari. Idan ana maganar kasafin haɗin gwiwa, ki roƙi a sa kuɗin tafiyarki ki je ki yi aikin a kan na'urar da hannunki.

Ba na cewa haɗin gwiwa da Turawa cuta ce. Matashin nan ya yi aiki, kuma da muka haɗu a wani taro ya ce mini ba shi ya jera sunayen ba. Na yarda da shi. Shi ma Farfesa, in za a yi adalci, sunansa ne ya kawo tallafin, kuma shi ya koya mini riƙe fifet, bututun auna ruwa a ɗakin gwaji. Amma a daina ce mana haka duniyar take. A 2020 mujallar Nature Medicine ta buga binciken da ya nuna ƙwayar maleriya mai sauyi a ƙwayar halittar kelch13, alamar bijire wa maganin artemisinin, ta ɓulla tana yaɗuwa a Ruwanda. Da cibiyar Pasteur ta Faris aka yi aikin, kuma sunan da ke farko na 'yar Ruwanda ne, Aline Uwimana. A 2022 ita kanta Nature ta fitar da matsaya a kan abin da ake kira binciken jirgi mai saukar ungulu, a sauka a kwashi samfuri a tashi. Abin da matsayar ba ta taɓo ba shi ne wani lokacin mai riƙe wa jirgin ƙofa ɗan gida ne.

Inda zan koma, an ba ni ɗalibai biyu. Tuni na tura musu takarda mai shafi ɗaya, sunan kowacce a saman aikinta, nawa a ƙasa, na ce su sa hannu su ajiye kwafi. Ɗaya ta kira ni a waya tana dariya, wai "Anti, ai mun yarda da ke." Na ce ta sa hannu dai.

Da na je yi wa Farfesa sallama ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ce yana alfahari da ni, kada in manta da gida. Na durƙusa na ce amin. Ina fitowa harabar sashe wayata ta yi ƙara. Saƙon Google Scholar ne, wasu masu bincike sun sake ambaton maƙalar.