Farin beyar da jan biron malam

A shekarata ta uku a jami'a aka ba mu aikin rubutu kan kare namun daji, ƙuri'ata ta faɗa kan farin beyar na can ƙuryar arewacin duniya, dabbar da ko a gidan zu ban taɓa gani ba. Na cika shafi shida da abin da na saba ji: a hana farauta, a ƙara masu gadi, a ɗaure mafarauta. Giwayen Yankari nake gani a raina.

Malam ya dawo mini da takardar da tambaya ɗaya cikin jan biro: "Me yake ci, kuma a kan me yake tsayawa ya kama shi?"

Ashe maganar farauta an daɗe da shawo kanta. Tun 1973 Kanada, Amurka, Norwe, Denmak da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Oslo kan taƙaita ta, aka bar wa 'yan asalin yankin irin su Inuwit rabonsu na gado. Matsalar ƙanƙara ce. Abincin beyar sil ne, wata dabbar teku mai tarin kitse, kuma a kan ƙanƙarar teku yake laɓewa bakin ramin da take leƙowa shan iska. In ƙanƙara ta narke, kasuwa ta tashi.

A yammacin mashigin tekun Hudson, wajen garin Churchill na Kanada, beyar kan hau tudu ya shafe wata huɗu ko fiye yana cin kitsen jikinsa, yana zubar da kusan kilo ɗaya kullum. Mace mai ciki takan kai wata takwas babu abinci. Yanzu ƙanƙarar na saurin narkewa, tana jinkirin dawowa, kwanakin yunwa sun ƙaru. Ƙidayar 2016 ta ba da beyar 842 a yankin, ta 2021 ta ba da 618. Yunwa na tura wasu cikin gari, har akwai wani gini da ake tsare masu ɓarna, mutanen garin na ce masa gidan yarin beyar. Wannan ya ba ni dariya, ba zan ɓoye ba.

A rubutu na biyu masu gadi sakin layi ɗaya suka samu. Sauran duk hayaƙin kwal, fetur da gas ne, mai ɗumama duniya ya narkar da ƙanƙarar, wanda babu mai gadin da zai kama shi. Malam ya ba ni maki mai kyau, amma ya rage biyu saboda na rubuta kamar ko'ina haka lamarin yake, alhali a tsibiran Svalbard na Norwe har yanzu beyar na da ƙiba.