Tsohon amfilifaya mai kwalabe da na ɗauko daga Alaba

Ni dai tun ina yaro a Agege nake jin tsoffin fayafayan yayana, su Ofege da BLO, makaɗan rok ɗin nan Legas na shekarun 1970, kuma abin da yake kama ni kullum shine muryar jitar, ba ta fita tas ba kuma ba ta watse ba, tana da wani kaushi mai daɗi kamar ƙanzon shinkafa. Da na fara koyon jita na sayi ƙaramin amfilifaya na zamani, na tara fedal, wato ƙananan akwatunan da ake takawa su canza muryar jita, har uku, na murɗa duk abin da ake murɗawa amma wannan muryar ta ƙi fitowa, sai dai wani tsiii kamar ƙudan zuma a gwangwani. Wani abokin kiɗana ne yace min malam kana wahalar banza, mutanen da da amfilifaya mai kwalabe suke kiɗa, wato ƙananan kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti da masu gyara ke cewa bawul, kuma haɗe yake da sifikarsa a akwati ɗaya.

Daga nan na shiga sintiri kasuwar Alaba, ɓangaren kayan tokumbo. Abin da na sa a rai Twin Reverb ne na Fender saboda girmansa, sifika biyu, kwalaben 6L6 guda huɗu, wat 85 ko fiye. Na samu wani na gwada, wallahi kafin na murɗa ƙarar ta kai lamba 3 kunnena ya fara ciwo kuma sautin tas yake kamar ruwan famfo, ba alamar kaushi, ga nauyi kusan kilo 30. A can ƙuryar wani shago ne na hango ƙaninsa Deluxe Reverb mai farar fuska, irin waɗanda suka fara fitowa wajen 1968 bayan Leo Fender ya sayar wa CBS kamfanin a 1965. Wat 22 ne kawai, sifika ɗaya inci 12, kwalaben 6V6 biyu rataye a baya kansu a ƙasa, duk ƙura da yanar gizo-gizo. Raina bai so ba da farko dan gani nake yayi ƙarami, kuɗina ne kawai bai kai na babban ba, ashe alheri ne.

Allah ya taimake ni ban jona shi a gida ba. Na wutar Amurka ne, bolt 120, tamu kuwa 230, da na kuskura na soka a soket da taransifomar ciki ta ƙone nan take. Kai tsaye na wuce da shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu wanda ya koyi aiki tun zamanin rediyo mai bawul. Yana zare ƙarfen cikin akwatin na miƙa hannu zan taɓa, sai ya buge min hannu yace kai yaro kul! Ya ɗora mita a kan kafasita, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, ya nuna min, yace waɗannan in sun ci wuta sukan riƙe fiye da bolt 400 ko an cire waya daga bango, sai an sauke musu wutar tukuna ake sa hannu. Ya buɗe murfin da suke ciki, biyu sun kumbura ɗaya ta yi wani farin gari a baki. Nace Baba ai yana kamawa a shago, yace ɗana kamawa daban lafiya daban, abin da ya haura shekara 40 yana aiki dole ya gaji. Ya canza su duka, ya cire tsohuwar waya mai baki biyu ya sa mai uku saboda kar igiyar jita ta riƙa jan mutum, ya wanke ramukan kwalabe da suka yi tsatsa, sannan ya daidaita bayas, wato yawan wutar da 6V6 ke ja lokacin da suke zaune ba kiɗa. Kuɗin gyara da na taransifomar rage wuta sun ci rabo mai tsoka, kuma ban yi lissafinsu ba tun farko, wanda zai saya ya ware nasu daban.

Ranar da na fara kunna shi a ɗaki ba zan manta ba. Makunnan biyu a baya suke, ka kunna na farko jar fitilar gaba ta kama, ka jira kamar minti ɗaya kwalabe su ɗumama suna wani haske ruwan lemo, kana jin ƙanshin ƙura mai zafi, sannan ka ɗaga na biyu. A lamba 3 sauti tas. Na kai 4, na kai 5, a 6 ne na bugi igiya da ƙarfi sai ga muryar nan da nake nema shekara da shekaru, ba fedal ko ɗaya. In na taɓa a hankali ta lafa, in na danna ta yi gurnani, kamar akwatin yana jin abin da yatsuna ke nufi. Dalili kuwa kwalba in aka matsa mata fiye da ƙarfinta ba ta yanke sauti farat ɗaya, lanƙwasa shi take a hankali, kuma wat 22 zai kai wannan wurin kafin maƙwabta su buga ƙofa, babban kuwa sai a fili. Vox AC30 na Ingila da makaɗin jita Brian May ke amfani da shi da na Marshall da takwaransa Eric Clapton ya ƙure wa murya a 1966 duk hanyar kenan, kowanne dai da irin muryarsa.

Damina ce ta koya min sauran. Na bar shi a ƙasa kusa da bango sati biyu, da na kunna sai ƙaf-ƙaf kamar ana toya ƙwai, Baba yace allon da kayan ke kai yana shan danshi, iskar Legas kuma kun santa. Yanzu a kan benci yake kuma ko ba kiɗa ina kunna shi duk sati ya bushe. Wani dare kuma an kawo wuta da ƙarfi yana kunne, na leƙa baya naga cikin kwalba ɗaya yayi jajir kamar garwashi, kafin na kai hannu fis ya tsinke. Na so in ɗaura siririyar waya a madadinsa kamar yadda ake yi, Baba ya hana, yace fis ɗin ne ya ceci taransifoma, ya kuma ja min kunne kar in taɓa kunna shi sifika ba a jone ba. Sai da na jira aka kawo min 6V6 biyu masu ƙarfi ɗaya daga waje dan tare ake canza su, a nan samunsu wuya. Tun ranar sitabilaiza ce a gaba, sai taransifomar rage wuta, sai shi, in kuma janareto ne sai ya daidaita nake jonawa, ana ɗauke wuta kuma abu na farko da nake yi shine in zare wayarsa daga bango.