Darussan da Na Koya Daga Canza Gilashin Tsohon Jirgin Ruwa

Zariya ba garin jiragen ruwa ba ne, domin in ban da madatsai irin na kogin Galma da na Kubanni a Samaru, ba mu da ruwan da jirgi mai inji zai yi yawo a kai. Shi ya sa aikin gilashin jirgi ba ya da masu shi na musamman, sai ya faɗo hannun masu yanka roba don allunan talla, wato irin shagon da nake koyon aiki a Sabon Gari. A can aka kawo mana tsohon jirgin faiba wanda gilashinsa na gaba ya tsage, kuma kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da daina fitar da kayan gyaransa.

Maigidana bai bari an kwance ko sukuru ɗaya ba sai da muka bi tsagar da yatsa har tushenta. Mai jirgin ya ɗauka dutse ne ya bugi gilashin, amma maigida ya ce masa, "Alhaji, duba nan, daga ramin sukuru ta taso." Gilashin jirgin dama na roba ne. Robar da ake kira akirilik, wadda aka fi sani da sunan Perspex tun shekarun 1930, tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi fiye da alminiyom ɗin firam ɗinta kusan ninki uku. Kowace mita ɗaya tana motsawa kimanin milimita 0.07 a kan kowane digiri, saboda haka gilashi mai tsawon mita ɗaya da rabi zai iya bambanta da milimita 2 zuwa 3 tsakanin asubar hunturu da tsakar ranar Afrilu. Wanda ya ɗaura na farko ya huda ramuka daidai kaurin sukuru, ya kuma matse su iya ƙarfinsa, sai robar ta rasa inda za ta motsa. A sabon gilashin mun faɗaɗa kowane rami, mun nisanta shi daga gefe, mun sa washa ta roba mai taushi, sannan muka ƙarasa ɗaurin da hannu ba da inji ba. A ganina wannan ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, ko da yake shi ne ɓangaren da mai jirgi ba zai taɓa gani ba.

Zaɓin roba ya ɗauke mu muhawara. Akirilik tana barin kusan kashi 92 cikin 100 na haske ya ratsa ta, nauyinta kusan rabin na gilashi ne, kuma tana jure rana shekaru ba tare da ta yi rawaya ba. Ɗaya robar, wato polikabonet, ta fi ta jure duka nesa ba kusa ba, sai dai tana saurin karcewa, kuma in ba a lulluɓe ta da kariyar rana ba, launinta yana dusashewa. Ga jirgin da zai kwana a waje cikin ƙurar hunturu, maigida ya zaɓi akirilik, ni ma na gamsu, domin abokan gabar wannan gilashin rana ce da ƙura.

Ba mu ɗauki awo daga tsohon gilashin kaɗai ba, saboda zafi ya riga ya karkatar da shi. Mun yanka kwali a jikin firam ɗin kansa, muka gwada, muka rage, kafin zarto ya taɓa roba. Bakin injin huda ma sai da aka dushe kaifinsa, domin sabon baki na ƙarfe yana cafkar roba ya fasa ta a lokacin fita ta baya, kuma dole a tallafe ta da katako a ƙasa.

Lanƙwasawa ce ta fi neman haƙuri. Akirilik tana yin laushin da za a sarrafa ta ne a wajen digiri 150 zuwa 170, kuma dole zafin ya ratsa ta daidai wa daida, in ba haka ba gefe ɗaya ya yi kumfa alhali ɗayan bai saki ba. Mun sassaƙa katako da siffar kwanar gilashin, muka shimfiɗa masa kyalle mai laushi, muka ɗora robar da zafinta, muka bar ta ta huce da kanta ba tare da zuba ruwa ba. Gefunan kuma an goge su da samfefa har suka yi santsi, tunda ƙaramin tsinke da zarto ya bari yana iya zama mafarin sabuwar tsaga.

Da Alhaji ya zo ɗauka, maigida ya ja masa kunne cewa kada yaransa su goge gilashin da fetur ko tina, domin suna haifar da ƙananan tsage-tsage a jikin akirilik, kuma kada su share ƙura da busasshen tsumma. A fara kwarara ruwa, sannan sabulu kaɗan da kyalle mai taushi.