Zamiyar ƙanƙara: ni dai Maris na zaɓa

Jama'a duk mai niyyar zuwa wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a Faransa, don Allah ya kauce ma Fabrairu. Bara lokacin muka je Chamonix, wani gari a cikin duwatsun Faransa da ake wannan wasan, ashe hutun 'yan makaranta ne, otal yayi tsada ga layi wajen hawa dutse kamar me, rabin yini a tsaye. Janairu bayan sabuwar shekara akwai sauƙin kuɗi amma sanyin ba wasa, kuma biyar na yamma duhu ya fara. Bana sai muka bari sai Maris muka tafi Val Thorens, wani wurin zamiyar dake can saman dutse a tsayin mita 2,300 shiyasa ƙanƙarar bata narkewa da wuri, ga rana ga doguwar yini, wallahi yaran har basa son dawowa masauki.