Abin da Yashi Ke Yi wa Ruwa

Tun ina yaro, a ƙauyenmu da ke kusa da Dadin Kowa, nake ganin mata suna tona rami a busasshen rafi da rani, su ɗan jira, sai ruwa ya taru garai-garai, alhali na kududdufin gefe ya yi kore yana wari. Sai da na girma na gane cewa irin wannan aiki ne yashi ke yi a gaɓar teku.

Tsakanin ƙwayoyin yashi akwai ƙofofi, saɓanin laka mai toshewa. Igiyar ruwa da hawa da saukar teku suna tura ruwa cikin yashin ƙasa su fito da shi, kuma hatta 'yan tudun da igiya ke zanawa a kansa suna haifar da bambancin matsi mai jawo ruwan ciki. Ruwan yana shiga da iskar oksijin da ɓurɓushin matattun halittu, bakteriya kuwa, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani da ke manne jikin yashin, ta ruɓar da su. Wasu nau'o'in bakteriyar ma suna mayar da sinadarin naitiret, irin wanda takin zamani ke kwarara da shi cikin koguna, ya zama iskar naitirojin. Inda ruwa ya daina ratsawa, oksijin ya ƙare, ƙasar takan yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Injiniyan Faransa, Henri Darsi, shi ya fitar da ƙa'idar tafiyar ruwa cikin yashi a 1856, bayan gwaji da bututun da ya cika da yashi a birnin Dijon.