Dare Ɗaya a Titin Domitiana

Ɗan yayata da ke aiki a Napoli ne ya kai ni Castel Volturno ranar Alhamis da la'asar, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Garin bakin teku ne a kudancin Italiya, amma kada ku sa ran ganin ƙawa. Gidajen hutu ne birjik, masu su sun watse, baƙi daga Ghana da Najeriya suka shiga haya. A nan ne 'yan Camorra, ƙungiyar 'yan mafiya ta yankin Napoli, suka bindige 'yan Afirka 6 a Satumban 2008.

Abin da ya kai ni shi ne in bi wasu sistoci masu fita da dare wurin matan da ke tsayawa bakin titi. Ni 'yar Zumuntar Mata ce tun ina amarya, don haka na taho da shirina: Littafi Mai Tsarki a jaka, na sa alama a Yohanna sura 8, inda aka kawo wa Yesu matar da aka kama da zina. Shugabar tafiyar, wata tsohuwa 'yar Italiya mai Turancin buroka sai ka ce a Warri aka yanke mata cibiya, ta leƙa jakata ta ce, "'Yar'uwa, bar shi a mota. Riƙe wannan." Ta miƙo mini fulas ɗin shayi. Ba zan ɓoye ba, raina ya sosu. Na ƙetare teku don in zama mai shayi?

Ƙarfe goma muka hau titin Domitiana. Sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Can ka hango wuta a cikin gwangwani, yarinya tsaye a gefenta da ɗan siket, ka ƙara gaba kaɗan ga wata. An gargaɗe ni kada mu wuce minti biyar a wuri guda, domin duk motar da ta wuce saboda mu, yarinyar ce za ta amsa tambaya wurin magajiya.

A tsayawa ta huɗu iska ta buge ni, na ce, "Wayyo, sanyi!" Sai na ji an ce, "Sannu Mama, ina gajiya?" Saura kaɗan fulas ya suɓuce mini. 'Yar birnin Binin na Jihar Edo ce, in ta yi yawa shekara ashirin. Ta Kano aka bi da ita, ta yi wata huɗu a Agadas tana jiran motar Libiya, a can ta tsinci Hausarta. Bashin da ke kanta Yuro 35,000, kuma ranar da aka faɗa mata adadin a gida, ita da naira take lissafi. Kafin ta taso an kai ta gidan tsafi, aka yanki gashinta da farcenta, ta rantse ba za ta gudu ba. Na tuna mata cewa Oba na Binin, Ewuare II, ya tara matsafa a Maris ɗin 2018 ya warware duk irin wannan rantsuwa. Ta ce ta sani. Amma uwarta unguwa ɗaya take da dangin magajiya.

Matan Najeriya fiye da 11,000 suka sauka Italiya ta teku a 2016 kaɗai. Hanyar fita akwai: sashe na 18 na dokar baƙi ta 1998 yana ba wadda aka yi safararta takardar zama, kuma a Caserta sistoci suna da gida, Casa Rut, inda ake ɓoye su, har da wurin koyon ɗinki da atamfa. Sista ba ta kawo ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ta tambaye ta tarin da take yi, ta gyara mata gyale, ta ba ta 'yar takarda mai lambar waya, ba suna, saboda magajiya kan binciki jaka.

Yarinyar ce da kanta ta ce in yi mata addu'a. Na sunkuyar da kai, ta taɓa hannuna. "Mama, kar ki rufe ido." Haka na yi addu'ar da Hausa, ido buɗe, mu biyu muna kallon titi. Ban kai Amin ba wata jar mota ta rage gudu. Ta mayar mini da kofin da sauran shayi, ta duƙa ta cusa takardar cikin takalminta.

Da muka koma mota sista ta ce wata bakwai ke nan tana miƙa mata wannan takarda, yau ne ta fara karɓa.