Aikinmu na Ɗaukaka Ƙara a Shari'o'in Tuƙi Cikin Maye

Ofishinmu ƙarami ne a cikin garin Kaduna, lauyoyi 'yan kaɗan da akawu guda, kuma aikin da aka fi saninmu da shi shi ne ɗaukaka ƙara a shari'o'in haɗarin mota da ya jawo asarar rai, inda ake zargin direba da tuƙi cikin maye. Yawancin masu zuwa wurinmu sukan zo ne bayan Babbar Kotu ta yanke hukunci, ɗan'uwansu yana gidan yari, suna zaton za a sake kiran shaidu a fara shari'a daga tushe. Alƙalai ukun da za su zauna a Kotun Ɗaukaka Ƙara ba za su ga direban ba, ba za su ga ɗan sandan da ya kama shi ba. Kundin shari'a kaɗai ke gabansu, wato rubutaccen abin da ya gudana a kotun farko, kuma ba su cika taɓa hukuncin alƙalin da ya ga shaidu da idonsa ba, sai an nuna musu cewa hukuncin ya saɓa wa abin da ke cikin kundin.

A hannun wani dattijon lauya na koyi karatun kundi, Allah ya jiƙansa da rahama. Ba ya barin yaronsa ya buɗe littafin doka sai ya fara ɗauko farar takarda ya jera lokuta: ƙarfe nawa aka yi karo, ƙarfe nawa aka isa asibiti, ƙarfe nawa aka ɗebi jini, wace rana jinin ya isa ɗakin gwaji, a hannun wa ya kwana. Idan ka kawo masa takardar da giɓi, sai ya zagaye wurin da jan biro ya miƙo maka ba tare da ya ce uffan ba. Har yau duk lauyan da ya shigo ofishinmu da wannan takarda yake farawa, domin a cikin giɓin nan ake samun yawancin dalilan ɗaukaka ƙara.

Dalilin damuwa da lokaci shi ne barasa ba ta tsayawa wuri ɗaya a cikin jini. Iyakar da aka yarda da ita a Najeriya ita ce giram 0.05 a cikin mililita 100 na jini. Bayan mutum ya sha, adadin yakan ci gaba da hawa na ɗan lokaci, sannan ya riƙa sauka da kimanin 0.015 a kowace awa. Saboda haka jinin da aka ɗiba da asuba ba ya faɗin halin da direba yake ciki da ƙarfe goma sha ɗaya na dare a hanyar Kaduna zuwa Zariya, sai an kawo masani ya yi lissafin komawa baya, ya kuma amsa tambayoyi a kan abincin da mutumin ya ci da lokacin da ya yi kurɓar ƙarshe. Shi kansa jinin yana da sharuɗɗa: kwalbar da za a zuba shi tana buƙatar sinadarin da ke hana shi lalacewa, a rufe ta, a rubuta suna, a sa ta a firji. Jinin da aka bari a aljihun tebur cikin zafin watan Afrilu, babu wuta babu sinadari, yana iya tsami ya haifar da barasar da ba ta cikinsa tun farko. Mukan tambayi ma'aikacin jinya ko da me ya goge fata kafin ya soka allura, domin sifirit ɗin asibiti shi ma dangin barasa ne.

Na'urar busa da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suke amfani da ita tana da nata matsalolin. Ana so a daidaita ta lokaci lokaci a ajiye takardar shaidar hakan, ana kuma so a jira kamar minti 15 zuwa 20 kafin a ce mutum ya busa, don kada ta auna ragowar abin da ke cikin baki. Takardar da ta fitar kuwa, matsayinmu a kullum shi ne hujja ce da na'ura ta samar, don haka sai ta cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, waɗanda Kotun Ƙoli ta jaddada a shari'ar Kubor da Dickson.

Gaskiyar magana ita ce mafi yawan kundayen da ke zuwa teburina babu gwajin komai a cikinsu. Abin da za ka tarar shi ne ɗan sanda ya ce ya ji warin giya, idanun direba sun yi ja, yana tangaɗi, an kuma tsinci ledar giya a ƙarƙashin kujera. Mutumin da kansa ya bugi gilashi yana tangaɗi, maganarsa tana sarƙewa, mai ciwon suga ma bakinsa yakan yi wani wari da ke ruɗar wanda bai sani ba, leda kuma a motar haya ba ta faɗin wanda ya sha ta. Sai kuma bayanin amsa laifi da aka rubuta a caji ofis, direba ya yi magana da Hausa an rubuta da Turanci, ba a kira tafintan ya ba da shaida ba, babu lauya a wurin, babu hoton bidiyo, alhali dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da takwararta ta Jihar Kaduna ta 2017 sun yi tanadi a kan yadda za a ɗauki irin wannan bayani.

A nan ne takaicina yake da masu karɓar shari'a da kuɗin shan ruwa. Lauya ya zauna yana kallo a miƙa takardar gwaji ta hannun wanda bai san yadda aka yi ta ba, bai tashi ya yi suka ba, bai yi wa likita tambaya ko ɗaya a kan lokaci ba. Wasu kurakuran ana iya tayar da su a sama, amma tambayar da ba a yi wa shaida ba ta tafi ke nan. Bayan an yi wannan ɓarna sai dangi su zo suna tayin kuɗin aikinmu kamar suna cinikin rago, suna cewa wancan lauyan bai karɓi ko rabin haka ba. Ga kuma kundin da za a jira watanni a buga, ya iso da shafuka a ɓace, mu koma mu zauna da akawun kotu muna gwada shi da rubutun hannun alƙali layi bayan layi.

Abin da nake faɗa wa kowa tun ranar farko shi ne rushe hujjar maye ba ya nufin an sallami direba. Sashe na 5 na Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda ya jawo mutuwa ta hanyar tuƙin ganganci, ko ya sha ko bai sha ba. Abin da mai gabatar da ƙara zai tabbatar shi ne an yi ganganci, gangancin ne ya jawo mutuwar, kuma a hanyar tarayya abin ya faru. Shi ya sa muke bin zanen wurin haɗari da 'yan sanda suka yi, da tsawon sawun birki a kwalta, da rahoton jami'in VIO, wato jami'in duba lafiyar motoci, a kan birki da taya. Da yake a al'adarmu ba a jinkirta jana'iza, sau da yawa babu binciken gawa. Idan mamaci ya cika nan take, kotu tana iya gamsuwa ba tare da likita ba, amma idan ya yi makonni a asibiti kafin rai ya yi halinsa, dole a nuna alaƙar raunin da mutuwar.

Akwai masu tambayata yadda nake kare mashayi. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar, kuma wannan ilimin dai shi muke amfani da shi idan iyalan mamaci suka ɗauke mu mu sa ido a shari'a a madadinsu, mu matsa a ɗebi jini da wuri, a kira duk wanda kwalbar ta bi ta hannunsa.

Wa'adin shigar da ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu a shari'ar laifi kwana 90 ne daga ranar hukunci, wanda ya wuce shi kuma sai ya nemi ƙarin lokaci da rantsuwa mai ɗauke da gamsasshen dalili. Mai zuwa ofishinmu ya taho da kwafin hukunci mai hatimin kotu, da takardar tuhuma, da duk wata takardar asibiti da ke hannun dangi, har da katin ranar da aka kwantar da direban.